Ranar da Na Gai da Buhun Gero

Shekara 14 ina koya wa ƴan sakandare yadda ido ke gani, amma soron surukina bai duba takarduna ba.

Cikin Afrilu ne, da misalin ƙarfe ɗaya na rana. Na yi tafiyar minti 40 a kan babur, ba tabarau, ga farar babbar riga tana mayar mini da haske a fuska. Rana irin wannan takan kai lux 100,000 a ma'aunin ƙarfin haske. Soron Baba kuwa na ƙasa ne, ba taga, an saki asabari a ƙofa.

Ido ba ya fitar da haske, karɓa yake yi, kamar yadda Ibn al-Haytham ya tabbatar a Alƙahira shekara dubu da suka wuce. Haske ya bugi abu ya dawo, ya ratsa garai-garan tantanin gaban ido, wanda ke yin kusan kashi biyu cikin uku na tanƙwara shi, ya bi ta ƴar ƙofar da ke tsakiyar baƙin ido, madubin ciki ya ƙarasa saiti, hoto ya faɗa a kife a kan retina, wato shimfiɗar da ke can ƙuryar ido mai kama haske. Ƙwaƙwalwa ce ke karanta shi daidai.

Ita ƴar ƙofar ba ta da laifi. A rana takan tsuke zuwa milimita 2, a duhu ta buɗe cikin daƙiƙoƙi har zuwa 8 idan yaro ne. Mu da furfura ta fara leƙowa, mu samu 6 mu gode Allah. Ko ta buɗe duka, ninki 16 kawai ta ƙara hasken da ke shiga. Sauran aikin na retina ne: ƙwayoyi masu tsini kimanin miliyan 6, na rana da launi, da masu kama da sanda kimanin miliyan 120, na duhu. Hasken rana yana ƙoɗe sinadarin da suke kama haske da shi, sai ya sake haɗuwa. Masu tsini na son minti 5 zuwa 10, masu sanda minti 20 zuwa 30.

Ni daƙiƙa uku na ba su.

Na yi sallama, na tuɓe takalmi, na kutsa. Duhu dunɗum, sai wani kore-kore da ke yawo. Can a gefen dama na hango abu fari, mai kauri, zaune da malafa a ka. Na tattara riga, na durƙusa har ƙasa.

"Baba, barka da hutawa. Mun same ku lafiya? Ya ƙarfin jiki?"

Shiru. Na ce a raina ko dattijo ya yi fushi da ban zo da Sallah ba. Na ƙara sunkuyar da kai, na shiga ba da haƙuri, har da zancen tsadar mai.

Sai murya ta fito daga bayana: "Malam, wannan na bara ne, ba ya amsawa. Juyo nan."

Da na bi abin da nake koyarwa, da na tsaya a bakin ƙofa na minti biyu, ko na rufe ido ɗaya tun daga kan layi, domin kowane ido sabawarsa daban. Kuma a duhu ba a ƙura wa abu ido: tsakiyar retina babu masu sanda ko ɗaya, ɗan kaucewa gefe ake yi. Ni kuwa zabura na yi, na ja da baya, ƙafar hagu ta nutse cikin ƙwaryar furar da aka dama wa Baba. Da sanyi, an sa ƙanƙara.

Idona ya gama buɗewa daidai lokacin da ba na so. Ashe mutum huɗu ne a soron, har da liman.

Kafin la'asar labari ya shiga cikin gida cewa mijin Yaya yana da dundumi. Inna ta aiko da gasasshiyar hanta cike da kwano, kuma ba ta yi kuskure ba: sinadarin nan daga bitamin A ake gina shi, hanta kuma ta fi komai yawansa. Na so in bayyana cewa nawa ba dundumi ba ne, gaggawa ce, amma hantar ta ji yaji, sai na yi shiru.

Da zan tafi, ƙanwar matata ta biyo ni har gindin babur. "Yaya Malam, ba ka yi sallama da buhun ba."