Kiɗan fili a Bauchi: a auna ƙara, a sa lokacin tashi, doka ta hau kan kowa

Duk wanda gidansa ke kusa da filin da ake taron kiɗa a garin Bauchi ya san yadda rigimar take tafiya. Da la'asar a kafa rumfuna, a jera lasifiku, a tayar da janareta. Bayan isha'i kiɗa ya kankama, har ƙarfe ɗayan dare gilashin taga yana rawa. Gari na wayewa maƙwabta su kai kuka wurin mai unguwa, mai taro ya ce ai sau ɗaya ne a shekara, kuma ya biya kuɗin fili. Wani sa'in 'yan sanda ko 'yan sintiri su zo su kwashe kayan DJ, wani sa'in kuma ko leƙowa ba mai yi, ya danganta da wane ne mai taron. Hana kiɗa ɗungurungum ba zai ɗore ba, domin mawaƙa da makaɗa da masu hayar kujeru da masu sayar da abinci da shi suke ci. Sakin kowa ya yi yadda ya ga dama kuma zalunci ne a kan majinyaci da jariri da ɗalibin da jarrabawa ke jiransa da safe. Abin da Bauchi ke buƙata ƙa'ida ce mai adadi da lokaci, wadda ba ta duban fuska.

Mutane da yawa ba su san akwai doka a ƙasa ba. Hukumar kare muhalli ta tarayya, NESREA, da aka kafa a 2007, ta fitar da ƙa'idojin ƙara a 2009. Ma'aunin ƙara shi ne desibel. A unguwar da gidajen zama ne zalla, iyakar ita ce 50 da rana, 35 da dare. Inda gidaje suka cakuɗa da shaguna da wuraren nishaɗi, 55 da rana, 45 da dare. Wajen asibiti da manyan makarantu da ɗakin karatu, 45 da rana, 35 da dare. Rana a wannan lissafi daga shida na safe ce zuwa goma na dare. Dokar ta kuma buɗe ƙofar neman izini ga wanda ya san taronsa zai wuce iyaka.

A takarda babu laifi. Matsalar ita ce babu taron kiɗan fili da zai iya cika waɗannan adadi a cikin gari, kuma gara a faɗi hakan ƙarara. Hirar mutum biyu a ɗaki tana kai wajen 60. Babban taron mawaƙa, a gaban dandamali, yakan kai 100. A buɗaɗɗen fili, duk lokacin da nisa ya ninka, ƙara na raguwa da kusan 6 ne kacal. To, a ce an auna 100 a mita 10 daga lasifika. A mita 20 za a sami 94, a mita 40 a sami 88, a mita 80 a sami 82, a mita 160 a sami 76, a mita 320 kuma 70. Katangu da gine-gine da ƙasa kan shanye wani abu, gaskiya ne, amma tsakanin 70 da 45 akwai tafiya. Idan aka ce 45 ɗin nan za a tilasta wa taron fili, an haramta shi ke nan ba tare da an furta ba, kuma dokar da kowa ke karyawa jami'i ne ke zaɓar wanda zai kama da ita.

Wannan lissafi ne ya kamata ya raba mana wurare. Filin wasa na Abubakar Tafawa Balewa da dandalin IBB an yi su domin taron jama'a, wanda ke zaune kusa da su ya san lokaci-lokaci za a yi hayaniya. Lungun unguwa da aka toshe da kanofi kuwa, inda lasifika ke mita biyar daga tagar wani, lamarinsa daban ne. A Ingila, ƙa'idar da aka tsara wa wasannin mawaƙa tun 1995 ta bi irin wannan bambanci: filin wasa na cikin gari da ba ya wuce taro uku a shekara an ba shi har 75 a bakin gida mafi kusa, sauran filaye 65, idan taruka suka yi yawa a shekara iyakar ta sauka, bayan sha ɗayan dare kuma kada a ji kiɗan a cikin ɗakin maƙwabci. Ba sai mun kwafo adadinsu ba, amma tunanin daidai ne: yawan kwanaki da nisan gida su ne ke yanka wa mai taro ƙarar da zai saki. Idan muka ɗauki 65, filin da gida mafi kusa ke mita 160 zai iya sakin kusan 89 a mita 10, wanda ya isa a yi rawa a ji daɗi. Inda gidan ke mita 40, abin da ya rage 77 ne. Wannan ya isa walima da kamu da jawabin iyaye, bai isa casu ba, sai mai casu ya nemi ɗakin taro.

Akwai abin da ya keɓanta da mu wanda ƙa'idojin ƙasashen sanyi ba su hango ba. Su suna ɗauka mutum na barci a ɗaki, bango da taga sun tare masa wani kaso. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce barci mai kyau na son ƙarar cikin ɗaki kada ta wuce 30, kuma ko buɗaɗɗiyar taga tana rage 10 zuwa 15. Amma a Bauchi daga Maris zuwa Mayu, ga zafi ga rashin wuta, iyalai da dama a tsakar gida suke shimfiɗa tabarma. Babu abin da ke tsakaninsu da lasifika sai katangar gida. Lokacin ne kuma 'yan JAMB da WAEC ke raba dare suna karatu. Da hunturu kuma wata matsalar ce ta daban: da dare iskar da ke kusa da ƙasa kan fi ta sama sanyi, sai sauti ya riƙa lanƙwasowa ƙasa maimakon ya tashi sama ya ɓace. Shi ya sa kiɗan da bai dami kowa da la'asar ba ake jinsa a wata unguwa da tsakar dare, ko da DJ bai taɓa komai ba. Kuma Disamba ce watan bukukuwa.

Abin da ya fi hana barci ma ba muryar mawaƙi ba ce, gunjin nan ne na manyan akwatunan da ake kira wufa. Siririn sauti katanga na tare shi. Gunji kuwa tsawon zangonsa kan kai mita bakwai, yana zagaye katanga, ya ratsa bulo, ya girgiza rufin kwano. Yawancin na'urori an saita su a ma'aunin A, wanda ke rage wa gunji nauyi, don haka jami'i na iya aunawa ya ce ba a wuce iyaka ba alhali tsohuwa na jin bugun a ƙirjinta. Ƙa'idar da za a rubuta ta ce a auna da ma'aunin C ma, wanda ba ya rage wa gunji nauyi sosai. Idan na C ya ɗara na A da kusan 20, wufa ce mai laifi, ita za a rage, ba sai an kashe kiɗan ba.

Mai taro na da abubuwa da dama a hannunsa waɗanda ba sa cin kuɗi sosai. Na farko alkibla: bakin lasifika ya kalli inda babu gidaje, a ɗaga ta sama da kan mutane a sunkuyar da ita ƙasa, jikin jama'a ya shanye sautin. Ƙananan lasifiku shida da aka rarraba cikin fili a sassauce sun fi manya biyu da aka ƙure domin na can baya ya ji. Kada a jingina wufa da bango ko a cusa ta kusurwa, hakan na ƙara mata 3 zuwa 6. Janareta a kai shi bayan gini, nesa da tagogi, domin shi ke fara ƙara kafin taro kuma shi ne na ƙarshen yin shiru. Kanofi da labule ba sa tare komai. Shingen da zai yi aiki sai mai nauyi, marar ɓula, wanda ya kare lasifika daga ganin tagar maƙwabci, kuma ko shi 5 zuwa 10 yake ragewa.

Inda aka fi samun matsala shi ne hannun DJ. Yakan tsaya a bayan lasifiku, inda ƙara ta fi rauni, sai ya ga kamar bai saki ba. Bayan awa biyu kunnensa da na 'yan rawa sun gaji, ya ɗan ƙara. Fitaccen mawaƙi ya hau dandamali, ya sake ƙarawa. Mai gabatarwa na ihu cikin makirufo yana kiran masu liƙi. Kafin sha biyun dare an haura da 10 a kan inda aka fara, wanda a kunne ninki biyu ne, a daidai lokacin da gari ya yi tsit. Maganinsa na'urar taƙaita sauti da ake sawa tsakanin miksa da amfilifaya, a saita ta lokacin gwajin la'asar, mutum ɗaya na tsaye a bakin gida mafi kusa da ma'auni, sannan a kulle. Wannan ma kare 'yan kallo ne. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wuraren nishaɗi kada su wuce 100 a matsakaicin minti 15, kuma a 100 ɗin ma kunne ba ya jure fiye da kusan kwata ɗaya na awa ba tare da haɗari ba. Mu kuwa yaranmu ƙanana su ne ke manne da akwatin lasifika har a tashi.

Ga yadda ya dace ƙa'idar ta kasance, kuma hukumar muhalli ta jiha, BASEPA, tare da ƙaramar hukuma da masarauta za su iya tsara ta. Mai taron fili ya nemi izini mako biyu kafin ranar, da zanen inda zai ajiye lasifiku da janareta. Mako ɗaya kafin taro mai unguwa ya sanar da gidajen da ke cikin mita 300, da lokacin farawa da na tashi da lambar wayar wanda za a kira, domin mai jinya ya yi shiri. Kiɗan lasifika ya tsaya ƙarfe goma na dare, manyan filaye a ƙara musu awa ɗaya a ƙarshen mako da kwanakin Sallah da Kirsimeti. Kowane fili a yanka masa adadin dararen da zai yi a shekara, don kada gida ɗaya ya riƙa ɗaukar nauyin nishaɗin gari duka. Kewayen asibitin koyarwa da sauran wuraren kwanciyar marasa lafiya babu izinin dare. A Yalwa da Gwallameji, inda ɗaliban jami'a da na kwalejin kimiyya da fasaha suka yi yawa, a duba jadawalin jarrabawa kafin a sa hannu.

Awo kuma ya zama na gaskiya. Manhajar waya na taimaka wa maƙwabci ya tara hujja, amma takan kauce da desibel da dama, bai kamata a ci tarar mutum da ita ba. Jami'i ya zo da na'urar da aka daidaita, ya tsaya mita ɗaya daga bangon mai ƙorafi, na'urar na kusan mita ɗaya da rabi daga ƙasa, ya ɗauki matsakaicin minti 15, sannan ya sa a tsayar da kiɗa ya auna ƙarar unguwar ita kaɗai, kada a ɗora wa mawaƙi ƙarar Keke Napep da injin niƙa. Ya rubuta, kowane ɓangare ya sa hannu.

Sai batun da ake jin nauyin faɗa. Lasifikar gangamin siyasa, da ta wa'azin dare, da ta addu'ar kwana a coci, da ta majalisin angwaye, duk kunne ɗaya suke shiga. Idan aka kama DJ aka ƙyale motar kamfen da ke tsaye a ƙofar makaranta, matasa za su ce sana'arsu ake yaƙa, kuma ba za a ce sun yi ƙarya ba. Idan aka matsa wa wani addini aka kau da kai daga wani, a gari irin Bauchi an kunna wutar da ta fi ƙarar illa. Legas ta rufe coci-coci da masallatai da otal-otal da dama a 2016 saboda ƙara, amma rufe wurin ibada ba shi ne abin koyi a nan ba. Kiran sallah da ƙararrawar coci 'yan mintuna ne, a ware su a rubuce, sauran dogayen taruka su bi agogo ɗaya da kowa. Malamai sun san hadisin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana masu karatu a masallaci ɗaga murya a kan juna. Idan haka ne a kan karatun Alƙur'ani, babu mai hujjar cewa kyawun abin da yake faɗa ya ba shi damar hana maƙwabci barci. Batun ko kiɗa ya dace ko bai dace ba muhawara ce ta daban, kada a ɓoye ta cikin dokar ƙara.

Hukunci ya tafi hawa-hawa. Gargaɗi tukuna, a ba da minti 15 a rage. Idan aka sake wucewa a kashe wufa, idan aka ƙi a tsayar da taro. Tara mai tsayayyen adadi hauhawar farashi kan cinye ta, mai hali ya biya ya ci gaba da abinsa. Abin da ya fi shi ne kuɗin ajiya gwargwadon girman taro, a mayar wa mai shi cikin mako guda idan ya kiyaye, in ya saɓa ya rasa, fili kuma ya rasa izinin taro na gaba. Alhakin ya hau kan mai taro da mai fili, waɗanda su ke da iko da agogo. Ƙwace kayan DJ da dukansa a daina, yawancinsu yara ne da suka yi hayar kayan, kuma wanda ya ɗauke su aiki ne ke cewa a ƙara. Duk kuɗin da aka karɓa a ba da rasit, a kuma manna jerin izinin wata-wata a sakatariyar ƙaramar hukuma, mai ƙorafi ya iya zuwa ya ga wane ne aka ba, zuwa ƙarfe nawa, kuma wane jami'i ne ya sa hannu.