Kuran ɗin Maraɗi daga Katsina yake zuwa, haƙƙin mai biya ne bai ƙetaro iyaka ba

Wutar da ke kunna fanka a unguwannin Maraɗi irin su Bagalam ko Ali Ɗan Sofo, yawancinta ta layi mai ƙarfin kilobolt 132 take shigowa daga Katsina zuwa Gazawa, a can a raba wa Maraɗi da Damagaram. Kowa ya ga haka a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse layin saboda takunkumin CEDEAO, bai dawo ba sai a farkon 2024. Tushen wutarmu da ta mutumin Katsina ɗaya ne ke nan. Inda muka rabu shi ne abin da mai biyan kuɗi ke iya yi in an cuce shi.

Nan Kano inda nake zaune ba aljannar lantarki ba ce, kada wani ya ruɗe ku. An sayar da kamfanonin rarraba wuta goma sha ɗaya ga ƴan kasuwa a 2013, har yau janareta ke riƙe da gari, don haka ba na kiran a sayar da NIGELEC. Abu na farko da na ga ya cancanci ɗauka: NERC, hukumar da ke kula da harkar lantarki a Najeriya, ta mayar da alkawari lissafin awanni. An kasa layukan wuta rukuni biyar. Rukunin A aƙalla awa 20 a yini, B awa 16, C 12, D 8, E kuwa 4, kuma farashi na bin rukuni. Da aka ɗaga kuɗin rukunin A zuwa naira 225 kowane kilowat a watan Afrilun 2024, an haɗa da sharaɗi: layin da ya kasa cika awanninsa kwana bakwai a jere a sauke shi ƙasa. Ana karya sharaɗin, sosai ma. Amma mai shago na da takarda da lamba da zai riƙe ya yi gardama.

A gida Nijar, farashin NIGELEC ɗaya ne a duk ƙasa, yana bin yawan abin da ka sha. Mai walda a Sabon Garin Maraɗi da ya yini zaune cikin zafin Afrilu da wanda wutarsa ba ta ƙifta ba, kuɗin kilowat ɗinsu ɗaya. Ba mu rasa doka ba: an kafa ARSE, hukumar da ke kula da harkar makamashi, a 2015, dokar lantarki ta fito a 2016. Sai dai hukumar tana Yamai, fiye da kilomita 600 daga mai sayar da ƙanƙara a Maraɗi.

Hanyar ƙara ita ce abu na biyu. A Najeriya ka fara kai kuka ofishin kamfani, yana da kwanakin aiki 15 ya warware. In bai yi ba sai zauren sauraron ƙara na NERC da ke jihohi, daga nan hedikwata. Wanda ba shi da mita, tun 2020 aka sa iyaka kan kuɗin ƙiyasin da za a rubuta masa, har aka ci kamfanonin tarar sama da naira biliyan 10 a 2024 don sun wuce iyakar. Abin da nake so ga Maraɗi bai fi haka ba: teburin ARSE a cikin gari, rasit mai lamba ga kowace ƙara, wa'adin amsa, da allo a ofishin NIGELEC da ke nuna awannin da kowace unguwa ta samu a watan jiya.

Amma ko an buɗe teburin gobe, ƙarar baki ba ta cin shari'a, kuma a nan muke da sakaci. Ranar da mai karanta kontar ya zo, ka ɗauki hoton kontar. Ka cire lambar watan jiya daga ta wannan wata, abin da ya rage shi ne kilowat ɗin da ka sha, shi ya kamata ka gani a faktir. In sun saɓa, ko an yi ƙiyasi ko an karanta ba daidai ba. Gidajen da ke kan taransifoma ɗaya su ajiye littafi guda, a rubuta ranar da wuta ta tafi, da ƙarfe nawa, da lokacin dawowarta. Sa hannun gida talatin a kan littafin wata uku ya fi ihun rediyo nauyi.

Ƙonewar kaya ma tana da dalilai da za a iya nunawa. Wutar gida bolt 220 ce. In taransifoma ta yi wa unguwa kaɗan, ko an jibge gidaje kan ɗaya cikin wayoyi uku da ke ɗauko wuta daga gare ta, ƙarfi ya faɗi da magariba, injin firiji ya ja fiye da kima, ya yi zafi, ya ƙone. Mafi muni shi ne tsinkewar waya ta huɗu, wadda ke daidaita sauran: nan take wani gida zai iya samun kusan 380, talabijin da caja su tafi lokaci guda. In gidaje biyar suka yi asara a sa'a ɗaya, laifin ba na wayar ɗakin kowa ba ne. A kira mai gyara ya auna ya rubuta, a adana kayan da suka ƙone, a kai ƙara tare tun kafin a gyara layin shaida ta ɓace.

Ƙungiyoyin kare masu saye na da aiki a nan. Lokacin da ARSE ke duba farashi ne ya kamata masu injin niƙa, teloli da ƴan walda na Maraɗi su aika wakili da littattafan nan a hannu, su nemi a rubuta mafi ƙarancin awanni cikin ƙa'idar aikin NIGELEC, da ragin da za a yi wa faktir duk watan da ba a cika su ba.