Kwalliyar kubri a Jidda: inuwa muke nema

Duk wanda ke bin titin Haramain a Jidda ya san yadda ake ji da gadojin sama a garin nan, kubri bisa kubri, wani ya nannaɗe wani ya ratsa ta ƙarƙashi, a tsakiyarsu kuma ga fili fetal wanda dole a san abin da za a yi da shi. To a nan nake da magana. Ni dai a ganina shimfiɗa koriyar ciyawa da ƴan furanni a irin wannan fili asarar ruwa ce kawai.

Ba wai ina ƙin ado ba ne fa. Jidda ta gaji ado. Tun shekarun 1970 magajin gari Muhammad Sa'id Farsi ya cika shataletalen garin da sassaƙe-sassaƙe, har da ayyukan Henry Moore da Joan Miró a bakin teku, ga kuma ƙaton keken nan na Julio Lafuente wanda har gobe da shi ake kwatance, ka ce wa direba dawwar darraja, wato shataletalen keke, ya gane. Haka Ƙofar Makka ta wajen Shumaisi mai siffar Alƙur'ani a kan marfa'i, wato katakon da ake ɗora shi a kai, tun daga nesa ka hango ta ka san ka kusa Harami. Abin da ya sa waɗannan suka yi tasiri, manya ne, mai gudun kilomita 100 ma yana ganinsu. Amma furen da bai wuce tafin hannu ba, wa zai gan shi? Direban da hankalinsa na kan tirelar da ke shirin shigo masa ta dama?

Sai batun ruwa. Garin da ruwan shansa daga teku ake tacewa, a turo shi ta bututu tun daga Shu'aiba, a ce shi ne za a riƙa fesa wa ciyawa safe da yamma, rana ta ƙone ta a sake kawo wata, haba jama'a. Riyad da suka ƙaddamar da shirinsu na itatuwa miliyan 7.5 a 2019, ruwan da aka yi amfani da shi aka sake tacewa suka ce za su riƙa ba su, kuma haka ya kamata. Su ma itatuwan a zaɓa, kowa ya ga yadda itaciyar da Larabawa ke ce wa bazromiya ta yi farin jini don saurin girma, daga baya saiwarta ta dinga fasa bututu aka koma sare ta. Ga magarya da Larabawa ke ce wa sidir, ga dangin ƙaya irin su bagaruwa, ga dogonyaro wanda duk alhajin da ya tsaya a Arfa ya sha inuwarsa, babu mai kukan ƙishi a cikinsu in sun kafu. Sharaɗi ɗaya dai, kada a dasa su dab da kwanar da motoci ke haɗewa, nan wurin gajerun tsirrai ne da tsakuwa don direba ya ga gabansa.

Kuma ba wanda zai manta ambaliyar Nuwamban 2009 da ta ci rayuka sama da 100, hanyoyin ƙarƙashin gada suka koma tafki motoci na iyo. Filin tsakiyar kubri in aka ɗan zurfafa shi aka haɗa da magudana, shi zai tare ruwan kafin ya gangara kan kwalta, itatuwan su sha abinsu. In aka tula masa ƙasa aka yi tudu don zanen fure ya fito a hoton jirgi maras matuƙi, ruwan titi zai nufa.

Akwai kuma mutanen da ba a sa su a lissafi, masu sharar baladiyya, wato hukumar birni, da leburorin da ke jiran motar kamfani da azahar, za ka gan su sun lafe a jikin ginshiƙin gada don nan ce kaɗai inuwa. Magarya biyar da benci a gefen da ba hatsari ba za su ci rabin kuɗin fitilun ado ba.