Ba kowane koren da ke yawo a kan ruwa ne azola ba

Wannan bidiyon da ake ta turawa a zaurukan masu kiwon kaji, na mutumin da ke kwasar ciyawa da kwando daga kududdufi yana cewa ga azola kyauta, ya kamata a daina yaɗa shi. Azola ƙaramar ciyawar ruwa ce da ake nomawa don ƙara wa kaji a abinci, amma abin da ke cikin kwandon nan salbiniya ce, wata ciyawar ruwa ta daban, ba azola ba. Kuma abin takaicin, a ƙarƙashinsa mutane sai tambayar kuɗin mudu suke yi, babu wanda ya ce a matso da kyamara a ga ganyen.

Gaskiya ne 'yan gida ɗaya ne. Duka biyun suna cikin dangin tsirran da Turawa ke kira fern, waɗanda ba sa fure kuma ba sa ƙwayar iri. Shi ya sa duk wanda ya ce zai sayar maka da irin azola a busashe cikin leda, ka riƙe kuɗinka. Da ranta ake ɗauko ta, a jiƙe, ta ci gaba da rarrabuwa. Amma zama dangi bai sa sun zama abu ɗaya ba, kuma rarrabe su ba ya buƙatar komai sai farin faranti da ruwa kaɗan.

Ɗebo tsiro ɗaya ka ɗora. Azola gaba ɗayanta ba ta wuce santimita 1 zuwa 2 da rabi ba, tana da ƙananan rassa, ganyayenta kuma kowanne milimita 1 zuwa 2 ne, a jere suna hawa kan juna kamar ɓawon kifi. Ka ɗaga ta za ka ga saiwoyi sirara suna reto. In rana ta yi mata yawa ko ta rasa sinadarin fosfaras sai ta koma ja. Salbiniya kuwa ganyenta bibbiyu ne suna fuskantar juna, kowanne ya kai girman farce ko ya fi, da layi a tsakiya inda yake naɗewa idan ta yi cunkoso. Shafa samansa za ka ji gashi. Ɗiga ruwa a kai, zai dunƙule ya gangare ba tare da ganyen ya jiƙe ba. In kana da gilashin ƙara girma, duba gashin: a mugun nau'inta mai mamaye ruwa, kowane gashi ya rabu huɗu a sama sannan ya sake haɗewa. Abin nan ruwan ƙasa da ke lilo a ƙarƙashinta kuma ba saiwa ba ce, ganye na uku ne da ya tsattsage. Kainuwa kowa ya san ta, ga faɗin ganye ga taushi, ba ma danginsu ba ce, kuma tana da ƙaiƙayi a baki.

Na ga masu cewa ai duk kore ne, kaza ba ta tambayar suna. Kaza ba ta tambaya, amma ƙwai da nauyi za su ba ka amsa. Darajar azola tana cikin wata ƙwayar halitta da ke zaune a ramin ganyenta, mai jawo naitirojin daga iska. Dalilin da ya sa busasshiyarta ke ɗauke da furotin kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari ke nan, kuma dalilin da ya sa manoman shinkafa a Sin da Biyetnam suka daɗe suna takin gona da ita. Salbiniya ba ta da wannan. Tauri ne da ita da ɗaci, cikin kaza ba ya narkar da ita sosai.

Wannan ma ƙaramar asara ce. Babbar ita ce ranar da ka gane an cuce ka, ka kwashe ka zubar a magudana. Asalin salbiniyar nan daga Burazil take, kuma guntu ɗaya ya isa ya cika tafki. A farkon shekarun 1960 ta rufe kusan kashi ɗaya cikin biyar na tafkin Kariba da ke tsakanin Zambiya da Zimbabuwe. A 1999 ta ɓulla a kogin Senegal, daga wurin da ake gwajin nomanta don abincin kaji, har ta sa UNESCO ta saka gandun tsuntsaye na Djoudj da ke ƙasar Senegal cikin wuraren da ke cikin haɗari a 2000. Sai da aka kawo wani ƙwaro mai cin ta, wanda shi ma asalinsa daga Burazil yake, kafin a shawo kanta. Tana toshe hanyar kwalekwale, ta hana iska shiga ruwa, kifi ya mutu. Saboda haka wanda ya riga ya saya, don Allah ya shanya ta a kan siminti nesa da ruwa har ta bushe ƙarau, sannan ya ƙone.

Ita azolar gaskiya ma kada a ɗora mata abin da ba za ta iya ba. Ga yadda ake nomanta: rami mita 2 a kan mita 2 da shimfiɗar leda, ƙasa tankaɗaɗɗiya kilo 10 zuwa 15, kashin shanu kilo 2 da takin supa giram 30 a dama, ruwa ya kai zurfin santimita 10, a zuba azola rabin kilo zuwa kilo 1. Cikin kwana 10 zuwa 15 za ta rufe, a riƙa kwasar kamar rabin kilo kullum, a wanke kafin a ba kaji. Sai an yi mata rumfa, domin zafin Maris da Afrilu na arewa yana kashe ta idan ruwan ya wuce digiri 35. Kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari na ɗanyarta ruwa ne, kilo 10 ba ya ba ka kilo 1 busasshe. Ƙari ce a kan abinci, kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, ba madadin masara da waken soya ba.

Masu cewa ana zuzuta maganar ciyawa, su je Hadeja da Nguru su tambayi masunta da manoman fadama abin da kachala, wata ciyawar ruwa ta daban, ta yi musu. Hanyoyin ruwa sun toshe, gonakin shinkafa sun koma mafakar jan baki, mutane na shiga ruwa har ƙirji da lauje suna yanka, bayan 'yan watanni ta sake tsirowa. Har yau ba a gama da ita ba.