Ana yankar albashinmu da sunan gida, muna tsufa a gidan haya

Tun shekarar 1992, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa Asusun Gidaje na Ƙasa, ake cire kashi 2.5 cikin ɗari daga albashin ma'aikacin tarayya da na jihohin da suka shiga tsarin, a zuba a Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, bisa alkawarin cewa wata rana zai samu lamuni ya mallaki muhallinsa. Yau an haura shekara talatin ana wannan yanka ba fashi, amma malamin firamare da ma'aikaciyar jinya da masinja da direban ofis har yanzu suna hannun masu gidajen haya, waɗanda suke neman kuɗin shekara guda dunƙule, su ƙara haya duk lokacin da suka ga dama, ga kuma dillali yana jiran la'adarsa. Wannan zalunci ne, kuma hukumomin gidaje na jihohinmu, waɗanda aka kafa domin share wa irin waɗannan mutane hawaye, suna da babban kaso a cikin alhakinsa.

A duba lissafin da hukumomin ba sa son a yi a bainar jama'a. A ƙarshen 2021, da gwamnatin tarayya ta buɗe sayar da gidajen da ta gina a jihohi, mafi arha a cikinsu, mai ɗakin kwana ɗaya tak, ya haura naira miliyan 7, alhali mafi ƙarancin albashi a lokacin naira 30,000 ne. Ma'ana, sai mutum ya tara albashinsa kaf na shekara 20, bai ci ba, bai sha ba, bai kai ɗa asibiti ba, sannan ya iya biya. A 2024 an ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000, sai dai a farkon shekarar ta 2024 buhun siminti ya kai naira 10,000 a wurare da dama, rodi da kwano da katako duk suka bi sahu. Ko da a ce an samu gidan naira miliyan 8, aka kuma bai wa ma'aikaci lamunin asusun nan bisa kuɗin ruwa na kashi 6 cikin ɗari har tsawon shekara 30, abin da zai riƙa biya duk wata ya kusa naira 48,000, wato fiye da kashi biyu cikin uku na albashinsa. Babu bankin da zai amince da takardunsa, domin ƙa'idar masu bayar da lamuni ita ce kada biyan bashi ya wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da mutum yake samu. Ke nan tun daga kan takarda an riga an fitar da ƙaramin ma'aikaci daga layi, amma ba a fitar da shi daga jerin waɗanda ake yanka wa albashi ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, ƙasar da ake gina waɗannan gidaje a kanta ta jama'a ce. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, kuma da wannan iko ne ake karɓe gonakin manoman da suke gefen birane, a ce za a yi aikin da zai amfani al'umma, a ba su diyyar da ba ta isa sayen ko rabin fuloti ba. Manomi ya rasa gonar da ya gada kaka da kakanni, hukuma ta samu fili kusan kyauta, sannan a gina gidaje a sa musu farashi kamar ɗan kasuwa ne ya sayi filin da kuɗin aljihunsa. Idan hukumar gwamnati za ta yi gogayya da masu kasuwancin gidaje wajen neman riba, to mene ne amfanin kafa ta, kuma da wane dalili za a ci gaba da biyan ma'aikatanta daga baitulmali?

Sai kuma a zo maganar rabo, inda nan ne ɓarnar ta fi muni. Ana sanarwa a rediyo cewa an fara sayar da fom, mutane su yi dogon layi a rana, su biya kuɗin da ba a mayarwa, su kawo hoto da takardar albashi da shaidar biyan haraji. Daga nan sai a yi shiru. Ba a liƙa sunayen waɗanda suka samu, ba a faɗin ma'aunin da aka bi, ba a ko rubuta wa wanda bai samu ba layi ɗaya na bayani. Wani abokin aikina ya bi wata hukumar gidaje da fayil ɗinsa har ya yi ritaya, amsar da yake samu ba ta taɓa wuce “ka dawo wani makon, mai sa hannu ba ya nan” ba. Bayan wani lokaci sai ka ga gidajen a hannun dillalai, an ninka kuɗinsu, ko kuma ka tarar mutum ɗaya ya kwashi uku da sunan matarsa da 'ya'yansa ya zuba 'yan haya. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya, amma wannan tukunya da gumin ma'aikata aka ɗora ta.

Kano ta isa misali kan yadda gini kaɗai ba ya magance matsala. Tsakanin 2011 da 2015 an gina manyan rukunonin gidaje na Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo a wajen birni, gine-gine masu kyan gani da faffaɗan tituna, amma da yawansu sun daɗe a kulle babu kowa a ciki, har ta kai gwamnatin jihar ta gargaɗi waɗanda suka saya da su tare ko a karɓe. A daidai wannan lokaci talakan Kano yana can yana sayen ɗan fili a unguwannin awon igiya, inda babu magudanar ruwa, babu hanyar da motar kashe gobara za ta bi, ya ɗora bulo a hankali har ƙarfinsa ya ƙare, damina ta zo ruwa ya shiga masa ɗaki. Wanda ya mallaki gida ya kulle shi ba buƙatar muhalli gare shi ba, wurin ajiye dukiya ya samu.

Ba a ce ba a taɓa yin abin kirki ba. Gidajen da gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta gina tsakanin 1979 da 1983 har yau suna nan a garuruwa da dama, duk da cewa wasunsu an yi su a nesa da gari, kuma tsofaffin rukunoni irin su Kundila a Kano da Barnawa da Malali a Kaduna sun rufa wa iyalai masu yawa asiri. Hukumomin yau sun gaji waɗannan misalai, amma ba su tsaya sun tambayi mai shiga gidan abin da yake buƙata ba. Ana kwafo zanen da babu zaure, babu tsakar gidan da mata za su yi girki da shanya cikin sutura, a miƙa wa magidanci mai 'ya'ya bakwai ɗaki ɗaya da falo. Haka nan an daɗe ana biris da ɗimbin Musulmin da ba za su taɓa bashi mai kuɗin ruwa ba saboda addininsu, alhali tsarin ijara, inda mutum zai riƙa biyan haya har gidan ya zama nasa, ba baƙon abu ba ne a harkar kuɗi ta ƙasar nan.

Kundin tsarin mulki na 1999, a sashe na 16, ya ɗora wa gwamnati nauyin tsara manufofinta yadda kowane ɗan ƙasa zai samu muhallin da ya dace. Saboda haka ba alfarma muke roƙo ba idan muka ce kowace hukumar gidaje ta buga sunayen duk wanda ta bai wa gida, a yi rabon da ƙuri'a a gaban ƙungiyoyin ƙwadago da 'yan jarida, a kuma haramta wa mai gida samun na biyu. Idan ginin ya fi ƙarfinta, ta yanka filaye ƙanana, ta kai hanya da ruwa da wuta, ta bayar da takardar mallaka ba tare da wahalarwa ba, mutane za su gina da kansu kamar yadda suke yi tun da can. Majalisun dokokin jihohi kuma su kira shugabannin waɗannan hukumomi su faɗi gidaje nawa suka gina, nawa aka tara daga kuɗin fom, kuma ina kuɗin ya shiga.

Wanda kuwa ya yi ritaya bai samu lamuni ba, bankin yana mayar masa da abin da ya tara tare da ribar kashi 2 cikin ɗari, a ƙasar da hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin ɗari a 2024. Kuɗin da aka cire masa a shekarun da naira take da daraja, idan ya sha wahalar cike takardu ya karɓo su, sau da yawa ba sa isa biyan hayar gidan da yake ciki na 'yan shekaru, balle su saya masa fili.