Abin da ke kai kamfanonin motoci gina masana'antu a ƙetare

Duk lokacin da wani kamfanin ƙera motoci ya sanar da cewa zai kafa masana'anta a wata ƙasa, bayanin da aka fi saurin bayarwa shi ne ya tafi neman ma'aikata masu arha. Akwai ƙamshin gaskiya a cikin wannan magana, amma a ganina ta yi gajarta, domin albashin masu harhaɗa mota kaɗan ne cikin abin da ake kashewa kafin ta fito, kuma da yawa daga cikin manyan masana'antun nan an gina su ne a inda ƙwadago ke da tsada. Kamfanin BMW na Jamus ya buɗe masana'antarsa ta Spartanburg a Amurka a 1994, kuma babu wanda zai ce arhar lebura kaɗai ce ta kai shi can.

Ra'in da aka saba fara karantarwa a fannin cinikayyar ƙasa da ƙasa shi ne na David Ricardo, wanda ya nuna a 1817 cewa Ingila da Fotugal duk za su ci riba idan ɗaya ta riƙe saƙa, ɗayar kuma ta riƙe giyar inabi, ko da Fotugal ta fi ƙwarewa a duka biyun. Daga baya masana biyu 'yan Suwidin, Heckscher da Ohlin, suka ƙara da cewa kowace ƙasa za ta fi fitar da kayan da ke cin abin da take da shi a wadace, jari ne ko ma'aikata. Waɗannan bayanai sun warware dalilin da ke sa kaya su ƙetare iyaka, sai dai an gina su ne bisa zaton cewa jari yana zaune a gida. A lissafinsu, kamata ya yi Japan ta ci gaba da ƙera motocinta a ƙasarta tana loda su a jiragen ruwa.

Haka kuwa take yi wa kasuwar Amurka har zuwa 1981, lokacin da kamfanonin motoci na Detroit, cibiyar ƙera motoci ta Amurka, da ƙungiyoyin ƙwadagonsu suka matsa wa gwamnatin Amurka lamba, Japan ta amince ba za ta aika motoci fiye da miliyan 1.68 a shekara ba. An ce bisa radin kanta ta yi, amma kowa ya san ruwa ba ya tsami banza. Honda, wanda ya riga ya hango inda iska ta dosa, ya fara ƙera motarsa samfurin Accord a Marysville ta jihar Ohio a 1982, Nissan ya biyo baya a Tennessee a 1983, Toyota kuma a Kentucky a 1988. Yarjejeniyar Plaza ta 1985, wadda manyan ƙasashe suka ƙulla don rage darajar dala, ta ƙara ingiza su, domin darajar yen, kuɗin Japan, ta kusa ninkawa a kan dala cikin shekara uku, motar da aka ƙera a Japan ta yi tsada a hannun Ba'amurke. Ga kuma harajin kashi 25 cikin ɗari da Amurka ta ɗora wa motocin a-kori-kura tun 1964, a wani rikici da ya faro daga cinikin kaji da Turai, wanda har yau yana tilasta wa mai son wannan kasuwa ya yi ƙirarsa a cikin yankin Arewacin Amurka.

Masanin da na ga ya fi kusa da gaskiyar lamarin shi ne John Dunning na Birtaniya. A wurinsa, kamfani ba ya fita da masana'anta sai abu uku sun haɗu: yana da wani abin da wasu ba su da shi, kamar fasaha ko suna, wurin da zai je yana da wani amfani, kamar babbar kasuwa ko tsira daga haraji, sannan riƙe aikin a hannunsa ya fi masa alheri a kan ya ba wani lasisi ya koyi sirrinsa. Sharaɗi na ukun nan ne gwamnatin Sin ta gane da wuri, shi ya sa ta wajabta wa baƙi haɗin gwiwa da kamfanonin gida, kamar yadda Volkswagen ya yi a Shanghai a 1984. Yau reshe ya juye da mujiya: Tarayyar Turai ta ƙara wa motocin lantarki na Sin haraji a Oktoban 2024, kamfanin motocin lantarki na Sin mai suna BYD kuma ya zaɓi garin Szeged na Hangari domin kafa masana'antarsa.

Arhar ma'aikata tana da tasiri, musamman a Meziko, amma ko a can yarjejeniyar NAFTA ta 1994, ta ciniki tsakanin Amurka da Kanada da Meziko, ita ce ta buɗe ƙofar kasuwar Amurka, kuma wadda ta gaje ta a 2020 ta ce sai kashi 75 cikin ɗari na darajar mota ya fito daga yankin kafin a yafe mata haraji.

Inda 'yan siyasa suka fi yin kuskure shi ne zaton cewa kowace ƙasa za ta iya kafa katangar haraji masana'antu su zo da gudu. Masana'antar mota ba ta mai da kuɗinta sai tana fitar da motoci masu ɗimbin yawa, don haka katangar da babu babbar kasuwa a bayanta, abin da take jawowa bai wuce rumfar ɗaure sassan da aka shigo da su cikin akwatuna ba. Ostireliya ta yi shekaru tana kare masana'antunta ta wannan hanya, da ta sassauta harajin sai Ford ya rufe a 2016, Toyota da Holden, reshen General Motors a ƙasar, suka bi sahu a 2017. Sulobakiya da Maroko kuwa, duk da ƙanƙantar kasuwarsu, sun samu manyan masana'antu saboda motocinsu na shiga Tarayyar Turai ba tare da harajin kwastam ba.