Taki ba ya cinye dalma

Wani zance ya kama bakin masu horar da manoma da masu bidiyon noma a Facebook: wai duk gonar da ta gurɓace, a zuba mata takin gargajiya, shi ke nan ta warke. Rabin maganar gaskiya ce, rabin da ake ɓoyewa kuwa yana iya kisa.

Inda ɗanyen mai ya malala, kamar yankin Ogoni na Jihar Ribas, taki yana aiki, don yana ciyar da ƙananan halittun cikin ƙasa da ke narkar da man. Amma dalma da kadmiyam da kuromiyam ƙarafa ne, ba sa ruɓewa. Da gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a Zamfara a 2010, ba taki aka kai ƙauyukan Dareta da Bagega da abin ya shafa ba. Saman ƙasar aka kankare, aka binne, aka shimfiɗa sabuwa.

Iyakar abin da taki ke yi shi ne ɗaure ƙarfen ya rage shiga saiwa, shi ma da sharaɗi. Sai tsamin ƙasa ya sauka, ma'aunin tsamin, wato pH, ya tsaya tsakanin 6.5 da 7, wanda kan buƙaci farar ƙasa. Sai takin ya ruɓe sarai, domin ɗanyen kashin kaji yana sakin sinadaran da ke kwance wasu ƙarafan maimakon ɗaure su. Gawayin buntun shinkafa ya fi daɗewa, amma kafin ya kai kashi 1 cikin 100 na nauyin ƙasar sama, zurfin santimita 15, sai an zuba kusan tan 20 a hekta guda. Wane ɗan lambu ne a bakin rafin Jakara na Kano ke da wannan? Garin ƙashi yana kama dalma, amma inda akwai asenik, wata gubar daban, kwance shi yake yi. Ga zafin ƙasarmu da ke cinye taki cikin damina ɗaya ko biyu, ƙarfen kuma yana nan daram.

Abin takaicin shi ne takin da 'yan lambun Kano suka fi samu na bola ne, da matattun batura a ciki. Ana kuma ci gaba da ban ruwa da abin da majemun Challawa da Sharaɗa ke zubarwa. Wane taki ne zai riski gubar da ake ƙarawa kullum?

Masu cewa a hana noman wuraren baki ɗaya ba su taɓa tambayar inda latas ɗin kasuwa ke fitowa ba.

A fara da gwajin ƙasa da ruwa, ma'aikatun gona su ɗauki kuɗinsa. Inda kadmiyam ya yi yawa, a bar alayyafo da latas, masu tara shi a ganye, a koma tumatir da masara. Masu horarwar kuma su daina cewa "ta warke" ba tare da takardar gwaji a hannu ba.